Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Fastoci da Dattawan Ekklesiyoyinmu: Wane Irin Tsoro Kuke Koya Mana?

Iyayenmu fastoci, masu bishara da dattawan ekklesiya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gajiya, yaya fama da jama'a, yaya iyali? Allah ya ƙara ƙarfi.

Na kira ku iyaye ne saboda kujerar da kuke kai, amma a shekaru yawancinku 'ya'yana ne. Shekara 34 na yi ina aikin ungozoma kafin in ajiye, kuma ba zan yi mamaki ba in a cikin masu karanta wannan takarda akwai wanda ni na yanke masa cibiya. To ku yi mini haƙuri in magana ta fito irin ta uwa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Jikata ce ta sa na ɗauki alƙalami. Shekararta tara. A watan jiya aka yi falkaswa ta kwana uku a majami'armu, aka gayyato baƙon mai wa'azi, mutum mai murya, lasifika ma ba ta dame shi ba. A daren ƙarshe, wajen ƙarfe biyu, na ji ana taɓa ƙafata a hankali. Ita ce tsaye a bakin gado, jikinta na ɓari. Ta ce, "Kaka, in na mutu yau wuta za ni?" Na jawo ta, na lulluɓe ta da zanena, na yi ta lallashi kafin maganar ta fito. Ashe wata Lahadi da ta wuce an ba ta naira ɗari ta sa a baiko, ta sa hamsin, ta sayi ƙuli-ƙuli da hamsin. Baƙon nan kuwa ya karanta labarin Hananiya da Safiratu, ya haɗa da Malakai sura 3, ya ce duk wanda ya ci kuɗin Allah ya buɗe wa mai cinyewa ƙofar gidansu, ciwo zai shiga, mutuwa za ta biyo baya. Uwar yarinyar tana fama da hawan jini. Sai ta haɗa lissafi da kanta: ita ce ta sa wa uwarta ciwo da ƙuli-ƙulin naira hamsin.

Abin da ta yi ba daidai ba ne, na kuma gaya mata haka da gari ya waye, ta mayar da hamsin ɗin daga asusunta. Amma da Lahadi ta zagayo sai ta ce cikinta na ciwo. Yarinyar da ke riga kowa shiri don Makarantar Lahadi, ga ta ta shige bayan ƙofa. Mai wa'azin ya ce ya zo ya dasa tsoron Allah, kuma lalle ya dasa tsoro. Sai dai tsoron da ke sa yaro ya ɓuya wa Allah mun san shi tun daga Farawa sura 3, inda Adamu ya ce ya ji motsin Allah a gonar, ya ji tsoro, ya ɓuya. Wannan tsoro zunubi ne ya haife shi. Ban ga dalilin da zai sa mu yi taron kwana uku, mu sayi man janareto, don mu ƙara wa mutane abin da tun asali suke da shi ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba ina cewa ku daina zancen tsoron Allah ba ne. Kukana ma shi ne kun daina, wani abu dabam ne kuka sa wa sunan.

Akwai wata aya da ta daɗe tana ba ni mamaki, Fitowa 20:20. Jama'a suna gindin Dutsen Sina'i, ga tsawa, ga walƙiya, ga hayaƙi, suka ja da baya suna rawar jiki. Musa ya ce musu kada su ji tsoro, gama Allah ya zo ne ya gwada su, domin tsoronsa ya zauna a gabansu, kada su yi zunubi. A numfashi ɗaya ya ce kada ku ji tsoro, ya kuma ce ku ji tsoro. Ko dai Musa ya rikice, ko kuwa tsoro iri biyu ne. Bahaushe ma ya san da haka, shi ya sa ya ce tsoro na daji, kunya na gida. Yadda kake tsoron kura dabam, yadda kake jin nauyin mahaifinka dabam. Kura in ka hango ta sai gudu. Mahaifi kuwa, in ka ji takunsa a zaure gyara zama kake yi, ka sauke murya, ka ɓoye abin da ka san ba ya so, amma in dare ya yi aka ji wani motsi a waje, bayansa za ka laɓe. Kalma ɗaya Littafi Mai Tsarki yake amfani da ita wa duka biyun, a Ibrananci da Helenanci da namu harshen. Aikin mai wa'azi ne ya rarrabe wa jama'a, don shi aka tura makarantar Littafi.

Bari in ba ku labarin mahaifina, don a wurinsa na fara ganin bambancin. Bamaguje ne, haifaffen wani ƙauye a kudancin Katsina. Yakan ce kafin ya ji bishara bai taɓa kwana ɗaya cikakke ba tare da fargaba ba. In yaro ya yi zazzaɓi, wane iska aka saɓa wa? In damina ta yi gardama, wa ya manta da yanka? Akwai tsamiyar da ba a wucewa ta gindinta da tsakar rana. Akwai Doguwa, akwai Kure, kowanne da irin dabbar da yake so da launinta, in ka kuskure ka kawo jan zakara inda ake son baƙar akuya, ka sake sabon lale. Ƙugunsa cike da guraye, damtsensa da kambu. Ya ce abin da ya fi ci masa rai shi ne ba ka taɓa sanin ko ka biya ba. Kullum da saura.

Ranar da aka yi masa baftisma, ya kwance su duka ya zuba a wuta a gaban 'yan'uwansa. Suka zauna jiran ya haukace ko ya mutu kafin kaka. Ya yi shekara arba'in da wani abu bayan haka. Littafinsa yana nan a akwatina, tsohuwar fassarar nan ta 1932 wadda su Likita Miller na Zariya suka yi wahalarta, wadda ke kiran Karin Magana da suna Misalai. Da ita ya koyi karatu yana da gemu. Ya ja layi da jan fensir a ƙarƙashin sura 9 aya 10, inda aka ce tsoron Ubangiji shi ne mafarin hikima. Ya kuma ja wani a 14:26, inda aka ce a cikin tsoron Ubangiji akwai ƙaƙƙarfar dogara, 'ya'yan mutum kuma za su sami mafaka. Ban taɓa ganin mutum marar tsoro kamarsa ba, ban kuma taɓa ganin mai tsoron Allah kamarsa ba, kuma sai da na girma na gane abu ɗaya ne. Babban tsoro ya shigo ya cinye ƙananan, kamar yadda sandan Haruna ya haɗiye sandunan masu sihirin Fir'auna.

Awo yake yi a kasuwar ƙauye. Mudunsa ɗaya ne, da shi yake saye da shi yake sayarwa, bai taɓa bubbuga gindinsa ya lotsa ba. Maƙwabtansa Musulmi, waɗanda ba su yarda da addininsa ba ko kaɗan, su ne ke kawo masa ajiyar kuɗi in za su yi tafiya. In an tambaye su sai su ce, "Ai mutumin nan yana da tsoron Allah." Wannan magana ta kowa ce a ƙasarmu. Ka shiga kowace kasuwa za ka ji ana cewa, "Haba malam, ka ji tsoron Allah mana," kuma ba wanda ke nufin ka yi rawar jiki. Ana nufin kada ka cuce ni don ka ga ba ni da yadda zan yi da kai. Wani lokaci ina ganin 'yan kasuwa sun fi mumbarinmu riƙe ma'anar kalmar.

To yanzu ku dubi inda muka koma. Jikokin mutumin da ya ƙone gurayensa su ne ke layi a karɓi man zaitun da ruwan kwalba da hankici. An ce musu tsinuwar kakanni tana binsu, an ce kishiyar uwa ce ta ɗaure musu aure, an ce tsohuwar da ke ƙarshen layi mayya ce. Na san wata gwauruwa, da muke Zumuntar Mata tare fiye da shekara ashirin, da 'ya'yan cikinta suka daina cin abincinta saboda wani mai addu'a ya ce ya gani. In ka ce za ka bar wurin ka koma wata majami'a, sai a ce ka fita daga ƙarƙashin inuwa, abin da ya same ka kai ka ja. In ka yi tambaya a kan kuɗin gini, sai a jawo maka ayar nan ta kada ku taɓa shafaffuna. Ashe an gudu ba a tsira ba. Jan zakara ne ya koma ambulan, amma fargabar ita ce dai: ba ka taɓa sanin ko ka biya ba, kullum da saura. Na san ba dukanku ke yin wannan ba. Amma ku da ba ku yi, shirunku ya yi yawa, tumakinku kuwa can suke zuwa da dare su dawo muku da safe.

Ishaya ya riga ya ba wannan abu suna. A sura 29 aya 13 Ubangiji ya yi ƙarar mutanen da ke kusatarsa da baki zuciyarsu tana nesa, ya ce tsoron da suke yi masa umarnin mutane ne kawai da aka koya musu. Yesu da kansa ya ɗauko wannan aya ya jefi Farisiyawa da ita a Markus sura 7.

Mu zo kan Malakai, tunda shi ne littafin da ko yaron goye ya san sura 3 aya 10, ayar zakka, a cikinsa. Ni ina ba da zakka. Ina bayarwa tun albashina na fari, yanzu ma daga ɗan fanshon da ba ya zuwa a kan kari nake cirewa, kuma ba wanda ya tsorata ni kafin in yi. Ba da ita nake faɗa ba. Tambayata ita ce, me ya sa karatun kullum daga aya 8 yake farawa? Ku ɗaga ido sama kaɗan, aya uku kacal. A aya 5 Ubangiji ya ce zai matso kusa don shari'a, zai yi saurin ba da shaida a kan masu sihiri, da mazinata, da masu rantsuwar ƙarya, da masu danne hakkin ɗan ƙodago, da masu zaluntar gwauruwa da maraya, da masu hana baƙo hakkinsa. Sa'an nan ya ɗaure su duka da igiya ɗaya, ya ce ba su ji tsoronsa ba. Ga ma'anar rashin tsoron Allah daga bakin Allah, a shafi ɗaya da ayar zakka. Na fi shekara hamsin ina zama a benci, ban iya tuna sau uku da aka yi wa'azi a kan wannan aya ba.

Ko don ta yi kusa da gida ne? Na san majami'ar da maigadinta ya yi wata biyar ba albashi, a shekarar da aka sa tayil a ofishin fasto. Tsoho ne, da tocila da sanda da bargo ɗaya yake kwana a bakin ƙofa cikin hunturu, kuma ba zai iya kai ƙara ko'ina ba. Na san dattijon ekklesiya da ƙanensa ya rasu, kafin a share makoki ya karɓe takardun fili daga hannun matar, ya ce al'ada ce. Har yau shi ke raba Jibin Ubangiji. A shekarar nan kuwa aka sa wata yarinya 'yar shekara goma sha bakwai a ƙarƙashin horo saboda ta yi ciki, aka kira sunanta a gaban jama'a, aka mayar da ita bencin baya. Wanda ya yi mata cikin ba a ji sunansa ba, ubansa ne ya sayi kujerun roba. Ban ce kada a yi horo ba. Amma in horonmu marasa ƙarfi kaɗai yake kamawa, to tsoron mutane ne yake tafiyar da majalisar dattawa, ko da an buɗe ta da addu'a an rufe da addu'a.

Haka ma labarin Hananiya da Safiratu. Bitrus bai ce sun mutu don kuɗin bai cika ba. Ya gaya wa Hananiya a fili cewa kafin ya sayar gonar tasa ce, bayan ya sayar ma kuɗin yana hannunsa. Laifin shi ne ƙarya, sun so a gan su a matsayin da ba su kai ba. In za a yi wa'azin wannan sura da gaskiya, ba yarinya mai ƙuli-ƙuli ya kamata ta kasa barci ba. Mu ne manya, masu son a kira sunanmu da adadin da muka yi alkawari a lasifika ranar gidauniya.

Kada ku ce tsohuwar nan ta mai da kanta mai tsarki. Bari in faɗi nawa. Ina da kamar shekara shida a aiki, ina aikin dare ni kaɗai da mai shara ɗaya a wani asibiti, aka kawo wata yarinya daga ƙauye a bayan a-kori-kura, haihuwar fari, ta kwana biyu tana naƙuda a gida. Ba ta jin Hausa sosai, Turanci kuwa ko kaɗan. Na gaji, na riga na karɓi haihuwa huɗu a daren, ita kuma ta ƙi kwanciya yadda nake so, sai ihu take tana fizge-fizge. Na ɗaga hannu na kwaɗa mata mari a cinya, na kuma faɗa mata wata magana da ba zan iya rubutawa a nan ba. Ta yi tsit. Ta haihu lafiya, namiji, da safe danginta har godiya suka yi mini da ƙwai shida a ƙwarya. Ba wanda ya gani. Ba za ta taɓa kai ƙarata ba, ba ta ma san ana kai ƙara ba.

Bayan 'yan kwanaki ina karatun safe na faɗo a kan Littafin Firistoci 19:14, inda aka ce kada ka zagi kurma, kada ka sa abin tuntuɓe a gaban makaho, amma ka ji tsoron Allahnka. Na ajiye littafin, hannuna yana rawa. Me ya sa kurma? Don ba zai ji ba. Me ya sa makaho? Don ba zai ga wanda ya sa ba. Allah ya zaɓi laifin da ba a kama mai shi, ya ce a nan ne zan san ko kana tsorona. Na duba gaba na ga haka abin yake tafiya: ka tashi tsaye a gaban mai furfura, ka ji tsoron Allahnka. A sura 25, kada ka karɓi riba a hannun ɗan'uwanka da ya talauce, kada ka mallaki wanda ke ƙarƙashinka da mugunta, ka ji tsoron Allahnka. Kusan duk inda maganar ta fito, akwai wani a gefe wanda ba zai iya ramawa ba. Na yi kuka ranar, kuma tsoro ne na gaske ya kama ni, don na gane akwai wanda yake tsaye a ɗakin haihuwar nan yana jin yaren yarinyar sarai. Amma tsoron bai kore ni ba, durƙusar da ni ya yi. Daga ranar har na ajiye aiki ban ƙara ɗaga wa mai naƙuda hannu ba, kuma ba don an kafa wata doka ba.

Kun san mutanen farko da Littafin Fitowa ya ce sun ji tsoron Allah? Abokan aikina ne, ungozomomi biyu, Shifra da Fu'a. Fir'auna ya ce su kashe duk jariri namiji na Ibraniyawa, suka ƙi. Littafin bai rubuta sunan wannan Fir'auna ba, amma ya rubuta nasu. Tsoron Allah a wurinsu shi ne ya sa suka iya kallon mai iko suka ƙi bin umarninsa. Haka Obadiya, wakilin gidan sarki Ahab, da ya ɓoye annabawa ɗari a kogo, hamsin hamsin, yana kai musu abinci da ruwa a bayan idon Yezebel, matar sarkin. Haka Nehemiya, da ya ce gwamnonin da suka riga shi sun nawaita wa jama'a, suna karɓar abinci da ruwan inabi da shekel arba'in na azurfa, amma shi bai yi ba saboda tsoron Allah. Shekara goma sha biyu yana gwamna bai ci abincin gwamna ba. Ina ma a karanta wannan ranar da ɗan siyasa ya zo godiya majami'a, maimakon a tashi wata tsohuwa daga kujerar gaba a ba shi. Da Yetro yake ba Musa shawarar irin mutanen da zai naɗa, cewa ya yi masu tsoron Allah, masu gaskiya, masu ƙin cin hanci. Mu kuwa in zaɓen dattawa ya zo, mota muke dubawa.

Akwai kuma wani ɓangare da ba zan tsallake ba, don kada matasa su karanta wannan su yi tafi. Wasunku sun gudu daga wa'azin tsoratarwa suka faɗa wani ramin. Allahnsu abokin wasa ne, ba ya fushi, ba ya tambaya, aikinsa kawai ya buɗe ƙofofi. Ana sujada ana danna waya, ana addu'a ana ɗaukar hoto. Wanda ya ce cikakkiyar ƙauna takan kore tsoro, a 1 Yahaya 4:18, ya bayyana irin tsoron da yake nufi, wato na hukunci. Bai soke Ibraniyawa 12 ba, inda aka ce mu yi sujada da ladabi da tsoro domin Allahnmu wuta ne mai cinyewa, kuma wannan a Sabon Alkawari yake. Almajirai sun ji tsoron hadiri a cikin jirgi, amma Markus ya ce bayan Yesu ya tsawata wa iska teku ta yi tsit, sai suka ji tsoro ƙwarai. Hadirin ya wuce, tsoron ya ƙaru, don sun fara gane wanda ke zaune tare da su.

Yesu ya haɗa abin a wuri ɗaya a Luka 12. Ya ce kada ku ji tsoron masu kashe jiki, ku ji tsoron wanda yake da iko ya jefa a Jahannama. Bai sassauta ba. Amma bai ko sauke numfashi ba ya shiga zancen gwara biyar da ake sayarwa kobo biyu, Allah bai manta da ko ɗaya ba, gashin kanku ma a ƙidaye yake, kada ku ji tsoro. Baƙon da ya zo mana ya tsaya a aya 5. Wasunku kuma daga aya 6 suke farawa. Mu da ke benci muna bukatar duka.

Ayar da ta fi kowace warware mini wannan ƙulli ita ce Zabura 130:4. Da ni ce mai rubutu, da na ce a wurinka akwai hukunci domin a ji tsoronka. Mai zabura kuwa cewa ya yi a wurinka akwai gafara, domin a ji tsoronka. Gafara ce ke haifar da shi. Wanda aka yafe wa bashin da ba zai taɓa iya biya ba, shi ne ke jin nauyin haɗa ido da mai bashin, shi ne kuma ba ya son abin da zai ɓata masa rai. Ɓarawon da ke kan gicciye ya tambayi ɗan'uwansa ko ba ya tsoron Allah, kuma wannan tsoron bai sa ya kau da kai daga Yesu ba, juyowa ya yi ya ce a tuna da shi.

Wani fasto da ya koyar da mu a ajin baftisma, Allah ya ba shi hutawa, ya taɓa ba mu misalin Agustin, bishop ɗin Hippo da ke ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 430. Ya ce mata biyu ne, kowace tana tsoron mijinta. Marar aminci tana tsoron kada ya dawo, mai aminci tana tsoron kada ya tafi. Ya kuma kwatanta tsoron hukunci da allura, ƙauna kuma zare: allura ce ke fara shiga, amma sai ta fita zaren zai zauna. Duk macen da ta taɓa ɗinki ta gane wannan. Ban ƙi a soki mai taurin kai da allura ba, wani in ba a ambaci wuta ba ba zai farka ba. Amma ku kuna ta suka ba zare, tufar sai huji take, ba ta haɗuwa. Wata abokiyar aikina 'yar Lutheran daga Numan ta taɓa karanta mini katekismarsu da ka, wadda Martin Luther ya rubuta a 1529, na ji bayanin Dokoki Goma yana ta maimaita cewa mu ji tsoron Allah mu kuma ƙaunace shi. Tun suna yara aka ɗinka musu su tare.

Na san nauyin da ke kanku, ba daga nesa nake jifa ba. Na san mai bishara a ƙauye da ke noma da hannunsa don abin da ake ba shi ba ya kai mako biyu. Na san waɗanda suka binne mutanensu da yawa a rana ɗaya suka kuma hau mumbari ranar Lahadi, da waɗanda suka kwana a daji a hannun masu garkuwa suka dawo suka ci gaba da aiki a wurin. Waɗannan ba ni da abin da zan koya musu, su ne Shifra da Fu'a na zamaninmu. Kuma saboda su ne ma nake wannan magana. Jama'ar da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda ƙarar babura, ga tsadar abinci, ga kuɗin makaranta, sun ƙoshi da tsoro. In suka zo majami'a kuka ɗora musu na mayu da na tsinuwa da na fasto, ina za su sa kansu? Ku ba su wanda ya ba mahaifina barci.

Roƙona kaɗan ne. Wata mai zuwa, ranar da za a karanta Malakai, a fara daga aya 5, a karanta a hankali, da Hausa, yadda tsofaffi za su ji. Kafin ranar, ma'aji ya duba littafinsa ya ga ko akwai maigadi ko mai shara ko malamin makarantar ekklesiya da ke bin bashi, a biya shi tukuna. Majalisar dattawa ta aika a kira gwauruwar nan da aka karɓe wa fili, a saurare ta ba tare da surukinta yana zaune a kujerar shari'a ba. In kuma za ku gayyato baƙo ya hau mumbarinku, ku tambaye shi abin da zai faɗa, ku tuna akwai yara a bencin gaba, suna ji, suna kuma haɗa lissafi.

Jikata ta koma Makarantar Lahadi. Mun haddace Zabura 130 tare, aya ɗaya kowane dare, ita da sabuwar fassara ni da ta mahaifina, muna gardama a kan wadda ta fi daɗi. Uwarta kuma tana shan maganinta.

In na yi kuskure a wata aya, ƙofata a buɗe take. Ku zo da Littafinku, sai dai ku za ku karanta mini, don idanun sun fara gajiya. Ranar Lahadi kuwa ina benci na uku ta ɓangaren mata, kusa da taga.

Taku cikin Almasihu,
Wata tsohuwar ungozoma, 'yar Zumuntar Mata